Gajeriyar Geza

"Kin kama ɗaki tun daga can ne, ko yanzu za ki kama?"

Sufen ta tsaya riƙe da jakarta a tsakar gidan da aka haife ta, tana kallon mai tambayar. Guixiang ce, 'yar ƙanin mahaifinta, wadda suka tashi suna kwana gado ɗaya. Ta yi ƙiba, ta sha jan baki, ta hakimce bayan wani dogon tebur da aka girke daidai inda tukunyar shunin mahaifiyar Sufen take a da.

"Ni ce fa, Guixiang..."

"Na gane ki mana. Ai shi ya sa nake tambaya, gidan a cike yake."

Sufen ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakinta na sama. Wata baƙuwa ce zaune a wurin, ta miƙo ƙafafu waje tana ɗaukar kanta hoto.

Ashe gidan ubanta ya zama masaukin baƙi.

Daga ƙarshe dai Guixiang ta yi mata alfarma da ɗan ɗakin bayan madafa, inda a da ake tara itace. Ta ce mata ana rufe ƙofar gida da wuri, kuma idan tana son ruwan zafi ta yi magana, kamar yadda take faɗa wa kowane baƙo. Mu mutanen Dali mun iya karɓar baƙo, wannan ko maƙiyinmu ya shaida. Namu ne dai idan ya dawo ba mu san inda za mu ajiye shi ba.

Sharar kabarin iyaye da muke yi duk shekara ce ta kawo Sufen. Lokacin ya zagayo, kuma tun da aka binne mahaifinta, Tsoho Dong, a gefen dutsen Cangshan ba ta sake tako garin ba. Ita kaɗai ya haifa, mahaifiyarta kuwa ta riga shi tafiya da daɗewa. Idan ba ta zo ta share musu ba, wa zai share?

Haka ta faɗa wa abokan aikinta a kamfanin ɗinki na birnin Dongguan, can kudu. Abin da ba ta faɗa musu ba shi ne, akwai tambayar da take ci mata rai shekara da shekaru, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake da amsarta.

Sunansa Haisheng, ɗan masunta ne daga Wase, can tsallaken tafkin Erhai. A kasuwa suka haɗu, yana kawo kifi, ita tana sayar da yadin rini. Dogo ne, rana ta gasa shi, ga shi da nauyin baki kamar an ɗinke masa leɓe. Kakarsa ce ta raine shi cikin kwale-kwale, shi ya sa ya tashi da halin mutanen da, duk abin da tsofaffi suka ce a wurinsa yankan wuƙa ne. Sufen takan tsokane shi ta ce da tsohon kai aka haife shi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Farin watana, ke dai ki yi ta dariya, ina jin daɗi."

Tsoho Dong ya ce sam. A gaban mutane ya faɗa wa yaron cewa 'yan kwale-kwale ba su da ƙasar da za su kira tasu, ko kabarinsu ma aro ne, don haka ya nemi daidai da shi. Amma so ba ya jin kira. Suka shirya tsakaninsu cewa ranar buɗe Kasuwar Wata na Uku Haisheng zai tsallako da kawunsa su nemi aurenta a hukumance, ita kuma za ta tarbe su a bakin tafki da kayan ado.

Da safiyar ranar sai ga abin mamaki. Tsohon ya kira ta da murya mai laushi, ya buɗe akwatin da bai taɓa buɗewa ba tun rasuwar matarsa, ya ɗauko hular adon mahaifiyarta, da farin gashinta na sama da furannin da aka saƙa mata da hannu.

"Ajiye taki, sa wannan," in ji shi. "Da tana nan, da ita za ta ɗaura miki."

Allah sarki! Sufen ta fashe da kuka, ta ɗauka uban ya sauko. Da gudu ta tafi bakin tafki, zuciyarta fes.

Ta hango kwale-kwalen tun daga nesa. Ya yi ta matsowa har ta ga fuskarsa sarai, har ta ɗaga hannu. Ya dube ta. Ya daina tuƙi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya kan kwale-kwalen ya koma inda ya fito.

Ta kira wayarsa har ta gaji, bai ɗauka ba. Guixiang ta rungume ta tana lallashi, tana cewa ai dama masunta haka suke, yau suna nan gobe ruwa ya tafi da su. Girman kai ya hana Sufen tsallaka tafkin ta tambaya. Kafin watan ya ƙare ta hau jirgin ƙasa ta yi kudu.

To, ga ta yau ta dawo, kuma zaman ɗakin itace ya gagare ta. Sai ta fita ta shiga gari.

Garin yana nan yadda ta bar shi, kuma ba ya nan. Ga ganuwa, ga ƙofar kudu da rufinta mai lanƙwasa, ga ruwan dutse yana gangarowa ta magudanan gefen titi yana sheƙi. Amma shagon mai gyaran takalmi ya koma wurin shan gahawa, gidan ƙawarta ya zama kantin ganguna. Baƙi sun cika ko'ina, bibbiyu, hannu cikin hannu. Ta tsaya wurin wata mai gasa cuku ta sayi tsinke ɗaya da aka shafa wa zumar fure, sai matar ta yi mata magana da yaren Han da ake yi wa baƙi, har da tambayarta ko wannan ne zuwanta Dali na farko.

Sufen ta buɗe baki za ta amsa da yaren Bai, yarenmu na gida, sai ta ji kunya ta kama ta, ta rasa dalili.

"E," ta ce. "Na farko ne."

Ƙafa dai ta san inda zuciya take so. Ta bi ta cikin gonakin wake har ta tsinci kanta a bakin tafki, daidai wurin da ta tsaya a waccan ranar. Ruwan ya kwanta shuɗi, iska tana kaɗa rassan itatuwan da suka tsaya a cikinsa. A gefe wata tsohuwa ta baza kayan adon Bai tana ba baƙi haya su yi hoto. Da ta ga Sufen ita kaɗai sai ta yafito ta, ta ce 'yan mata kyawawa irinta bai kamata su bar Dali ba su sa kayanmu ba.

Kaɗaici kan sa mutum ya yi abin da bai shirya ba. Sufen ta zauna.

"Da miji ko babu?" tsohuwar ta tambaya tana ɗaga huluna biyu.

"Babu, Kaka."

"To doguwar geza ce taki."

Ta ɗaura mata. Farar gezar ta sauko ta gefen kunnen hagu har ƙirji, iska tana wasa da ita. Sufen tana tsaye a haka ne wani kwale-kwale ya ƙaraso gaɓa, shaƙe da ciyawar ruwa. Yanzu da aka taƙaita kamun kifi, masunta da yawa aikin da suke yi ke nan, tsamo ciyawa daga tafki. Matuƙin ya diro, ya ɗaure igiya, ya ɗago kai.

Haisheng!

Ya ƙara duhu, furfura ta ɗan taɓa shi a gefen kunne, amma shi ne.

Ya dube ta, ya dubi gezar, fuskarsa ta ɗaure tamau.

"Matar aure da doguwar geza," ya ce da yaren Bai, a hankali. "Mijinki ya san kina wannan wasan?"

Shi ne mutum na farko da ya yi mata yarenta tun da ta sauka, kuma abin da ya faɗa ke nan.

"Wane miji?"

"Ɗan kasuwar da ya tafi da ke kudu."

"Haisheng, ban taɓa aure ba. Ko baiko ba a taɓa yi min ba."

Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce kada ta raina masa hankali, da idonsa ya gani. Ana gobe kasuwa Guixiang ta tsallako har Wase tana hawaye, ta ce masa Tsoho Dong ya ba da Sufen ga wani attajiri, kuma Sufen ta amince, kunyar faɗa masa kawai take ji. Ya ce ƙarya ne. Ta ce to idan bai yarda ba, gobe ya dubi gezarta.

"Na duba, Sufen. Ko kafaɗa ba ta kai ba."

Duk wanda ya tashi a hannun tsofaffi ya san wannan. Budurwa gezarta doguwa ce, ranar da aka ba da ita ake datse ta. Amma 'yan matan zamaninsu Sufen wa yake lura? Hula dai hula ce, a sa ranar biki a cire.

Sufen ta kai hannu ta taɓa gezar.

"Hular Innata ce..." ta ce. "Ta Innata ce na sa, ta matar aure."

Tsohuwa mai haya ta bar abin da take yi ta saki baki.

Haisheng ya zauna a bakin kwale-kwalensa kamar an zare masa laka. Ya miƙo hannu, ya fara cewa, "Farin watana..." amma Sufen ta ja da baya. Mamakin ya wuce, yanzu wuta ce take ci a ƙirjinta.

"Kada ka kira ni da wannan sunan! Ƙuruciyata gaba ɗaya ta tafi a kan zare? Kana da baki, Haisheng. Tsakaninmu bai fi jifa ba. Ka tambayi geza, ni ba ka tambaye ni ba?"

Ya ce mahaifinta ya riga ya nuna masa matsayinsa, da ya ga gezar sai ya ji ai dama bai kai ba. Ya ce shi ma bai yi aure ba, innarsa ta yi faɗan har ta gaji. Sufen ba ta tsaya jin sauran ba. Ta cire hular ta miƙa wa tsohuwar, ta juya ta bi ta cikin gonaki tana tafiya tana share ido.

Ta samu Guixiang tana shanya zannuwan gado a tsakar gida. Ba ta yi mata ihu ba, tambaya ɗaya ta yi mata: me na yi miki?

Guixiang ba ta ko musa ba. Ta ce ita ma tana son sa, tun kafin Sufen ta san da shi, amma ko kallo ba ta ishe shi ba. Bayan tafiyar Sufen ta yi ta zarya Wase da abinci, ya ce ta daina wahalar da kanta. Ta ƙare da auren direban da ko wata ba ya yi a gida.

"Ban ci ribar komai ba, idan wannan zai sanyaya miki rai," ta ce tana kakkaɓe zani. "Amma kada ki ɗora min ni kaɗai. Ni na kai magana Wase. Wa ya ba ki hular?"

Sufen ta dafa bango.

"Baba bai sani ba..."

"Shi ya biya min kuɗin jirgin ruwan da na tsallaka."

Washegari da sassafe ta hau Cangshan ita kaɗai, da tsintsiya da rassan itacen da ake kafawa a kan kabari da ɗan abinci a kwando. Hanyar ta ratsa cikin dogayen itatuwa, jajayen furanni sun buɗe a gefen ƙorama, can ƙololuwa kuwa sauran ƙanƙara tana nan fari fat. Maƙabartar ta cika da iyalai. Kowane gida sun kewaye kabarin nasu, sun hura wuta, ana yanka kaza, yara suna guje-guje, tsofaffi suna ba matattu labarin wanda ya haihu da wanda ya yi aure.

Ita kuwa ta share na mahaifiyarta, ta cire ciyawa, ta zuba shayi. Da ta zo kan na mahaifinta sai ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, a duk rayuwarta safiyar nan ce kaɗai ya taɓa yi mata magana da taushi. Ita ta riƙe a Dongguan duk lokacin da kewa ta taso mata. Ashe tarko ne.

Ta share dai. Uba uba ne. Sannan ta zauna a ƙasa ta juya masa baya, tana kallon tafkin da ya miƙe a ƙasa da rufin gidajen gari, ta rasa wanda za ta ba labari.

Motsi ta ji a bayanta. Haisheng ne, yana haki, riƙe da tukunyar kifi mai tsami da yaji da ya ɗauro a cikin zani. Tun asuba ya tsallako, ya yi ta bin kaburbura yana karanta sunaye. Ya ce innarsa ta rantse ba za ta taɓa haɗa zuri'a da gidan da aka ce musu kabarinsu aro ne ba, amma ya faɗa mata wannan karon ba zai juya ba.

Ya ajiye tukunyar, ya durƙusa gaban kabarin Tsoho Dong, ya kai goshi ƙasa, ya fara jero roƙon da kawunsa bai samu ya yi ba a waccan shekarar.

"Tashi," in ji Sufen.

Ya ɗago.

"Ba shi za ka roƙa ba. Kai da shi kun yanke min hukunci, babu wanda ya ji ta bakina. Ga ni zaune. Ni za ka tambaya."

Mai nauyin baki ya juyo da gwiwoyinsa ya fuskance ta.

"Sufen... za ki aure ni?"

Idan kuna jiran ku ji ta faɗa jikinsa, to ba ku san 'yar Dong ba. Ta ce ta ji, za ta yi tunani. Ta ci kifin, don yunwa take ji, kuma rabonta da irinsa tun barinta gida. Kwana biyu bayan nan ta koma Dongguan.

Ya yi ta kira kullum, yana koyon magana kamar yaro. Wata rana ta ɗauka, wata rana ta ƙyale shi. Da damina ta tsaya, ta fito daga aiki sai ta gan shi tsaye a ƙofar kamfani cikin ruwan sama, mutumin da bai taɓa yin nisa da tafki ba, ya rungume jaka a ƙirji, motoci sun firgita shi.

"Na zo in sake tambaya," ya ce.

Ta dube shi, jiƙe sharkaf, ta ji duk fushin ya zube.

"Tsohon kai," ta ce. "Shigo cikin lema kada mura ta kama ka."

Bayan girbin shinkafa aka yi bikin a Wase. Innar Haisheng ta yarda ne don ba yadda za ta yi, amma tun da aka fara hidima ba ta dubi amarya ido cikin ido ba. Daga gidan Dong babu wanda ya tsallako. Guixiang ta aiko a ce baƙi sun yi mata yawa.

Da aka shigo da amarya, jama'a suka yi mata ca da mintsini kamar yadda muke yi, kowa yana son ya ɗebi albarka, Haisheng yana kare ta da hannu ana yi masa dariya. Da ƙyar suka kai ɗaki. Nan kuma aka watsa garin barkono a kaskon wuta, don a wurinmu auren da aka buɗe da yaji shi ne yake yin zafi har tsufa. Hayaƙi ya turnuƙe. Ango yana tari, ƙawaye suna atishawa, kowa hawaye shaɓe-shaɓe ana ta ƙyaƙyata dariya.

Sufen ta duba ɗakin. Fuska ko ɗaya babu wadda ta san ta tun tana yarinya.

Hayaƙin ya fara washewa, tarin mutane ya lafa, amma nata hawayen sai ƙaruwa suke. Kafaɗunta suka fara girgiza. Haisheng ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Farin watana, wannan ba na barkono ba ne."

"Babana nake so ya gani..." ta ce da ƙyar. "Duk da abin da ya yi min, shi nake so ya gani."

Innar Haisheng tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ta ga wasu mata sun fara zunguri juna suna leƙen fuskar amarya. Ta yi jim, sannan ta ratso cikin mutane ta ɗauki kwanon barkonon.

"Wa ya zuba wannan ɗan mitsitsin?" ta ce. "Auren 'yata ne, ba na maƙwabta ba."

Ta cika hannu ta watsa a wuta.

Ɗakin ya sake rikicewa da tari da dariya, kowa yana ta kansa. Tsohuwar ta zo ta tsaya a gaban Sufen ta kare ta da faɗin bayanta, ta laluba ta riƙe hannunta gam, ba ta saki ba har ta gama kukanta.